Tukkun Ɗan Fari

Kujera biyu aka haɗa wa Idrissa a shagon kitson mahaifiyarsa, duk da haka ta hagun tana kuka. Ya zauna ya ɗora tafuka a kan gwiwoyi, irin zaman da aka koya masa a Tokyo. Matan da ke jiran a kitsa su suka manta da wadda ta riga wata zuwa, suka kewaye shi suna kallon kansa. A tsakiyar kan akwai tukku, an shafe shi da mai, an ɗaure da farin zare, an kwantar da shi yana fuskantar goshi. Shi ne shaidar ɗan sumo, kokawar Japanawa, wadda Idrissa ya shekara goma sha huɗu yana yi.

"Wanga ba kitso ba, ba aski ba," in ji Hajiya Raliatou, mai shagon atamfa da ke maƙwabtaka da su a unguwar Porte de la Chapelle ta Paris. "A taɓa?"

"A taɓa, Hajiya."

Ta taɓa, ta shinshina yatsa. "Ƙamshi gare shi kuwa. Salamatou, taho ki ji."

Hajiya Salamatou, mahaifiyar Idrissa, ba ta taho ba. Ta ba su baya, tana tsaga kan wata yarinya da tsinke, kamar babu abin da ya shigo shagon sai iska.

"Mounira," ta ce da 'yarta, "ki tambayi wancan ko ya karya kumallo."

"Mama, ga shi nan bayanki. Mutum kamar wannan ai ba ya ɓuya."

"Ke na aika."

Mounira ta juya ido, ta dubi yayanta. "Wai ka karya?"

"Ki ce na karya, na gode."

Idrissa ɗan fari ne, Hajiya Salamatou kuwa mutuniyar Maraɗi ce irin ta da, wadda ta ɗauko kunyar ɗan fari daga gida ta haye teku da ita, ko ɗigo bai zube ba. Ba ta kiran sunansa. Ba ta yi masa magana kai tsaye muddin akwai wanda za a aika. In an yabe shi a gabanta, sai ta sami abin gyarawa a bakin mayafinta. Da aka yaye shi, yayanta Chaibou ya ɗauke shi riƙo, daga baya ya tafi da shi Lyon. Ita ma ta biyo mijinta Paris, ta haifi Mounira, mijin ya rasu, amma ba ta ga dalilin da zai sa ta sauya hali don ta sauya gari ba. Hannun nan nata ya ratsa kan rabin matan unguwannin Stains da Clichy-sous-Bois, kan ɗanta ne kawai bai san shi ba tun yana goye.

Sai dai matan shago ba a ɓoye musu abu. Sun lura cewa duk bayan wata biyu, in gasar sumo ta zo, akwai safiyar da za a tarar da kwanon ƙosai a bakin ƙofa, kowa ya ɗiba kyauta, akwai kuma safiyar da babu. Hajiya Raliatou ce ta fara haɗa lissafin: ranar ƙosai Idrissa ya yi kaye, ranar da babu ya sha ƙasa. Da aka tambayi mai shagon, ta ce sadaka ce, kuma sadaka ba ta da rana. Tun daga nan matan unguwar da ba su taɓa ganin sumo ba suka riƙa bin gasar ta bakin kwano.

Kada a ƙara wa labarin Idrissa gishiri, Kawu Chaibou ya riga ya zuba wanda ya isa. Idrissa bai zama zakara ba. Yana ɗan shekara goma sha tara wani baƙo daga Japan ya gan shi a ɗakin judo na unguwarsu a Lyon, ya dubi faɗin kafaɗunsa, ya nemi ganin waliyyinsa. 'Yan sumo gida ɗaya suke zama a ƙarƙashin maigida, sabon shiga kuwa shi ne mai shara, shi ne mai cuɗa bayan manya, shi ne na ƙarshen cin abinci. Idrissa ya yi duk wannan da fara'a. Da yake ba ya cin naman alade, sai ya kama tukunyar gidan da kansa, ya riƙa dafa musu kaza, wadda su ma suke so, don sun ce da ƙafa biyu take tsayawa, yadda ake so ɗan kokawa ya tsaya. Ya saba musu da yaji har suka fara raina abincin wasu gidaje.

Wanda ya sha wahalarsa da gaske shi ne wanzamin gidan, wani ɗan tsamurarren tsoho da ya yi rayuwarsa yana taje gashi mai santsi. Mataji nawa gashin Idrissa ya karya masa, tsohon ya daina ƙirgawa. Amma ya yi ta maza har ya gano kansa, ya kwantar da shi, ya fitar da tukkun da ba ya jin kunyar nunawa a ko'ina.

Matakai shida ne a sumo, na sama biyu su ne masu albashi da masu yi musu hidima. Idrissa ya hau har ƙolin na uku. Akwai ranar da kaye ɗaya ya rage masa ya haye, ya tura abokin karawarsa har bakin da'ira, sai babban yatsan ƙafarsa ya riga na wancan leƙawa waje. Bayan haka gwiwa ta fara magana, shekaru suka bi bayanta. In yana ba da labarin ranar, yakan cire takalmi ya nuna wa mutane yatsan, ya ce ga mai laifin nan, har yanzu bai nemi gafara ba.

Ɗan sumo ba da baki yake barin kokawa ba. Zaunar da shi ake yi a kujera, duk wanda ya taɓa yi masa rana ya zo ya yanki 'yan silin gashi daga tukkun, a ƙarshe maigidansa ya datse shi gaba ɗaya. Ranar da aka shirya wa Idrissa nasa a Tokyo, maigidan ya duba cikin baƙi, ya tambaye shi ina mahaifiyarsa. Idrissa ya yi bayanin kunyar ɗan fari iya abin da Japanancinsa ya kai. Maigidan ya yanki nasa silin, ya mayar da almakashin ruwan zinari cikin akwatinsa, ya miƙa masa.

"Ni na ciyar da kai," ya ce, "amma ba ni na haifi gashin nan ba. Kai mata. Kafin ta yanke, kai ɗan gidana ne, ban sallame ka ba."

Abin da ya kawo shi shagon ke nan. Ya bari har Hajiya Raliatou ta gama shinshine-shinshinenta, sannan ya gyara murya.

"Mounira, ki gaya wa Hajiya ranar Asabar za a yanke shi a Lyon, a ɗakin da na fara wasa. Ki ce mata yankan ƙarshe nata ne."

Tsinken da ke hannun Hajiya Salamatou ya tsaya, sannan ya ci gaba.

"Ki ce masa akwai wanzamai a Lyon."

"Mama, haba. Ɗanki ne fa. Nan Faransa muke."

"Na sani. Na riga ki zuwa."

"Mi zai faru in kin taɓa kansa? Rufin zai faɗo?"

"A gaban jama'a, ni, in tsaya a kan ɗan fari ina rawar jiki? Uwata ba ta yi ba, tata uwar ba ta yi ba. Miƙo mini man can."

Matan suka rabu biyu, wasu na cewa ta yi daidai, wasu na cewa zamani ya wuce nan, kowace tana kawo labarin wata gwaggonta. Idrissa ya yi murmushi, don ya saba murmushi bayan kaye. Amma abin ya yi masa zafi. Ƙarti sun sha gwara masa kai a ƙirji bai ji irin wannan ba. Ba ya neman ta kira sunansa, ba ya neman ta yabe shi. Hannunta kawai yake so ya sauka a kansa sau ɗaya, yana da wayon da zai tuna.

Kafin Laraba tukkun ya fara kwancewa. Abu ne da ake sake ɗaurewa kusan kullum, ga wanzamin kuwa yana can wata duniya. Mounira ta ce ai ita ma 'yar mai kitso ce. Ta jingina waya da kwalbar mai, ta kunna bidiyon da tsohon wanzamin ya turo, ta hau aiki. Ta ja nan, ta danna can, da ta ja baya don ta duba, sai ga tukkun ya karkata yana gaida kunnen hagu.

Hajiya Salamatou tana nata aikin a ɗaya ɓangaren, ta ba su baya kamar kullum. Amma shagon kitso duk madubi ne.

"Ni dai lokacin da aka koya mini sana'a," ta ce wa matar da take kitsawa, wadda ba ta tambaye ta ba, "ba a ɗaure gashi ba a jiƙa shi ba."

Mounira ta ɗauko ruwa ta fesa.

"Kuma daga ƙeya ake tattaro shi. Wanda ya fara daga gefe bai san abin da yake yi ba."

Mounira ta koma ƙeya.

"Zare kuwa da haƙori ake jan sa."

"Mama, tsohon nan ma da haƙori yake ja. Zo ki gani."

"To ashe ya san aiki."

Da Mounira ta sake kuskure ƙullin, Hajiya Salamatou ta juyo rabin juyowa, hannunta ya tashi da mataji, ya yi tafiya kaɗan a iska. Idrissa ya gani a madubi, ya riƙe numfashi. Sai hannun ya koma ya sosa ɗankwalinta. Tukkun dai ya tsayu a ƙarshe, ba kamar na Tokyo ba, amma zai kai Asabar.

Ranar Asabar da safe, Idrissa da Mounira suna tsaye a tashar jirgin ƙasa suna duba allo, sai ga Hajiya Salamatou cikin leshi ruwan goro, da wata jaka da ta fi ta faɗi.

"Yaya zan gano," ta ce wa Mounira kafin a tambaye ta. "An ce hawan jini na damun sa."

Kawu Chaibou bai taɓa hawan jini ba, shi ne ma yake sa wa mutane. Mounira ta buɗe baki, Idrissa ya taka mata ƙafa a hankali, wato gwargwadon hankalin ɗan sumo, ta yi shiru tana ɗingishi. A cikin jirgi ya mamaye kujerunsa biyu, mahaifiyarsa ta zauna a ɗaya gefen, ta kafa wa taga ido tun daga Paris. Gonaki suka wuce, shanu suka wuce. Da jirgin ya shiga wani rami taga ta yi duhu, Idrissa ya ga idanunta a gilashin, ba waje suke kallo ba.

Kawu Chaibou ya tare su a Lyon da tawaga. A zamaninsa ya yi kokawa a Maraɗi har makaɗa sun san sunansa, yanzu kuwa yana da shagon kayan miya a unguwar Guillotière, da tumbi, da muryar da ba ta buƙatar lasifika. Ya rungumi Idrissa, ya gwada ɗaga shi don tsohon hali, bayansa ya ba shi shawara ya bari. Shekara da shekaru yana gaya wa mutanen unguwa cewa ɗansa da hannu ɗaya yake watsar da Japanawa, don haka da ya yi gayya, babu wanda ya ƙi. Alhazai, mahauta, direbobin tasi, kowa ya ce zai zo. Jiya bayan sallar Juma'a ya tsaya a ƙofar masallaci ya yi musu bayanin al'adar: za a zaunar da yaro, kowa ya zo ya yanki gashi don girmamawa. Abin da bai faɗa ba, don shi ma bai riƙe ba, shi ne ko nawa ake yanka.

Bayan an ci abinci a gidansa, mata suka shige ciki, Idrissa ya sami kawunsa shi kaɗai.

"Kawu, kana ganin za ta tashi?"

Kawu Chaibou ya daɗe yana sakace. "Ni ma ɗan fari ne, ka sani. Tsohuwarmu har ta koma ga Allah ban ji sunana a bakinta ba. Amma ranar da aka kayar da ni a gaban gari duka, kwana uku ba ta ci abinci ba, ta ce haƙori ke ciwo." Ya yi dariya, ya share ido da bakin riga. "In ba ta tashi ba, ni zan datse maka. Kada ka riƙe ta a zuciya."

"Ba zan riƙe ta ba, Kawu. Amma ina so."

"Na san kana so."

Da la'asar ɗakin wasan ya cika. An shimfiɗa tabarmin judo, an ajiye kujera mai ƙarfi a tsakiya, wadda aka aro daga wani gareji. Idrissa ya fito cikin baƙar rigar Japanawa mai faɗin hannu, ya rusuna wa jama'a, ya zauna. A kan wata kujerar Mounira ta jingina waya, fuskar maigidansa na Tokyo ta cika ta, ya saka tasa rigar ta biki don ya shaida. Hajiya Salamatou ta zaɓi layin ƙarshe, kusa da ƙofa, ta ɗora jakarta a cinya, ta fito da carbi.

Tsohon malaminsa na judo, wani Bafaranshe mai farin gemu, shi ya fara. Ya karanta yadda ake yi, don haka ya rusuna, ya ɗauki almakashin zinari, ya tsinke sili uku ko huɗu, ya dafa kafaɗar Idrissa ya koma. Maigida ya gyaɗa kai a waya.

Sai Kawu Chaibou. Ya dubi abin da Bafaranshen ya yanka, ya dubi jama'a.

"Wanga ai raini ne," ya ce. "Yaro ya shekara goma sha huɗu yana kokawa, a zo a tsinke mishi sili uku?"

Ya kama gefen tukkun ya yi masa yanka na mutunci, ya ɗaga guntun sama. Ɗakin ya ɗauki tafi, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Nan take kowa ya fahimci al'adar: ashe kamar liƙi ce a gidan biki, mai yawan yanka shi ne mai yawan ƙauna. Alhajin da ya biyo baya bai yarda Chaibou ya fi shi son yaron ba. Wanda ya biyo bayansa daga Villeurbanne ya taso, ba zai yi wannan tafiya don sili ba. Wani da ya ga tukkun ya yi masa kaɗan, sai ya faɗa gefen kunne ya buɗe sabon wuri.

Mounira ta yi ta ɗaga hannu tana cewa a hankali, kaɗan ake yanka, tafi ya danne muryarta. A waya, maigida ya matso da fuskarsa, ya ja baya, ya sa hannu ya rufe baki. Idrissa kuwa doka ta hana shi motsi. Ya kafa ido a gabansa, yana jin iska tana shiga wuraren da ba ta taɓa shiga ba a kansa. Tukkun ya rage a kan 'yan gashi kaɗan, yana lilo. Wani yanka ɗaya irin waɗannan, zai faɗo a hannun wanda ba shi aka ajiye wa ba.

A layin ƙarshe, carbin Hajiya Salamatou yana gudu.

Sai ga Ɗan Juma mahauci ya taso yana naɗe hannun riga. Ya karɓi almakashi, ya zagaya kujerar, ya karkata kai yana duban tukkun ta ƙasa, irin duban da yake yi in yana neman gaɓa.

"Ɗan Juma."

Ba ta ɗaga murya ba, amma har bango an ji.

"Aje almakashin nan."

Ɗan Juma ya ajiye. Hajiya Salamatou ta taso da jakarta, ta ratso tsakiyar mutane, suna janye ƙafafu. Ta tsaya nesa kaɗan da kujerar, ta dubi ɓarnar da aka yi, ta dubi mazan da suka yi ta ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

"Ba don kowa na taso ba," ta ce. "Hotunan nan da kuke ɗauka, gobe suna Paris. A ce daga gidan mai kitso wanga kai ya fito? Wa zai sake kawo mini nasa?"

"Gaskiya ne," in ji Kawu Chaibou da sauri. "Maganar sana'a ce."

"Sana'a ce," in ji alhazai.

"Abincin mutum ai ba a wasa da shi," in ji Ɗan Juma, yana warware hannun riga.

Kowa a ɗakin ya san abin da ake ciki, kowa kuma ya taya ta riƙe mayafin. Ta ɗauki almakashin zinari, ta gwada bakinsa da babban yatsa, ta mayar cikin akwati.

"Wanga na ado ne."

Ta buɗe jakarta. Ta fito da nata almakashin mai baƙin mariƙi, ta fito da mataji biyu, da kwalbar feshi, da farin ƙyalle a ninke.

"Duk wannan na hawan jinin Kawu ne?" in ji Mounira.

"Riƙe mini jaka."

Ko a zaune Idrissa ya fi ƙarfin tsawonta, sai da aka jawo tabarmi biyu aka ɗora ta hau. Ta yafa masa ƙyallen, ta soke shi a wuya. Sannan ta ɗora hannun hagu a tsakiyar kansa don ta daidaita shi.

Hannun ƙarami ne, da ɗumi, da kanta a gefen yatsu. Idrissa ya rufe ido. Ya yi zaton in ranar ta zo zai ji wani abu babba, irin na fage. Abin da ya ji kuwa sauƙi ne kawai, da farin ciki mai yawa, har ya rasa inda zai sa shi, ya bar shi ya gangaro ta kumatu. Babu wanda ya yi masa dariya, don rabin alhazan ma suna neman hankici.

Ta ce bismillah, ta datse tukkun da yanka ɗaya. A waya, maigida ya sunkuyar da kai har gashin kansa kaɗai ake gani, ya daɗe a haka. Da ya ɗago, ya faɗi wata gajeriyar magana da Japananci. Idrissa ya amsa masa. An sallame shi ke nan. Hajiya Salamatou ta miƙa wa yayanta tukkun ba tare da ta dube shi ba, Kawu Chaibou ya karɓa da hannu biyu, ya zagaya da shi ɗakin, ana tafi.

"Saura gyara," ta ce. "Ku ba ni wuri."

Gyaran kuwa akwai shi. Ta fesa ruwa, ta taje, ta bi ramukan da masoya suka haƙa ɗaya bayan ɗaya, tana tsaki a kan kowanne, tana tambayar wane ne ya yi wannan. A hankali kan ya dawo kan mutum. Aka buɗe tukwanen shinkafa a ƙarshen ɗakin, jama'a suka koma can. Kawu Chaibou ya hau ba wa Bafaranshen labarin wata kokawa da ya yi kafin a haifi rabin mutanen wurin. Maigida ya yi sallama, wayar ta mutu. Yara suka fara tsalle a kan tabarmi. Mai gadin ɗakin ya leƙo, ya karkaɗa makullansa, aka cika masa faranti ya zauna.

Mounira ta zubo abinci ta kawo musu, ta tsaya riƙe da farantin. Ita ma ta san aiki, kallo ɗaya ta yi ta ga an gama. Kan ya yi sumul, gaba da baya, babu silin da ya fi wani. Almakashin dai yana ta ƙara, ƙyas, ƙyas, a bayan kunne, a ƙeya, amma babu abin da ke sauka a kan farin ƙyallen. Hannun hagun yana nan inda aka fara ɗora shi.

"Mama," ta ce a hankali, "ai ya yi."

"Ke kika koya mini sana'a?" in ji Hajiya Salamatou, ba ta ɗago ba. "Ƙeyar nan ba ta daidaita ba tukuna."

Idrissa ya ƙara sunkuyar da kai.